Kwana Tara a Ɗakin Ƙanƙara

Firjin asibitin unguwa ya mutu ranar wata Laraba da hantsi, bai yi ko tari ba. Mai Kati ce ta fara lura, matar da ke zama a teburin bakin ƙofa tana rubuta sunayen jarirai. Shekara bakwai tana aiki da gurnaninsa a bayan kunnenta, don haka da ya yi shiru sai ta ji kamar an ɗauke wani abu daga ɗakin.

"Nas," ta ce, "tsohonki fa ya cika."

Nas ita ce shugabar wurin. Asibitin bai fi ɗaki uku ba, sai baranda mai benci huɗu da sikelin auna jarirai rataye a ƙusa. Ta fito daga ɗakin duba masu ciki tana goge hannu, ta buɗe firjin, ta sa tafinta ciki, ta rufe da sauri. A cikinsa akwai akwatin allurar rigakafin yara, ƙananan kwalabe a jere kamar haƙora, kason wata guda cur.

Mai gyara ya zo ya tsuguna a bayan firjin, ya tashi yana kaɗe gwiwa. Ya ce wani ƙarfe ne ya ƙone, sai an aiko da shi daga nesa. "Mako guda, in an yi sa'a. In ba a yi ba, biyu."

Allura ba ta jiran mako. Nas ta rungumi akwatin ta tsallaka titi.

A tsallaken akwai gidan ƙanƙara, inda janareta ke ruri dare da rana. Mai shi kawun Nas ne, wan mahaifiyarta, wanda ya riƙe ta tun tana shekara shida, ya sa ta makaranta har ta zama abin da ta zama. Kowa Mai Ƙanƙara yake ce masa. Dogo ne, mai kaurin murya, ba ya dariya a bakin aiki. Shekara talatin yana sayar wa masu kifi da masu nama da masu lemo ƙanƙara, ba a taɓa kama shi da gurɓataccen ruwa ba, ba a taɓa jin ya tauye lebura ba. Shi ya sa unguwa ta ɗora shi shugaban kwamitin asibiti, ta kuma bar shi a kai shekara goma sha ɗaya. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: bakinsa bai iya furta "ban sani ba." Kuma rashin sani ya fi dare duhu, musamman ga wanda ya ɗauka fitila ce a hannunsa.

A ofishinsa akwai wani ƙaramin firji da leburori ke ajiye gorunan ruwansu. Nas ta kwashe hawa ɗaya, ta goge, ta ajiye akwatin, ta rataya ma'aunin sanyinta a jikin ƙarfen hawan.

"Kawu, a nan zai zauna. Don Allah kada a taɓa."

"An gama," ya ce. "Je ki yi aikinki."

Haka aka yi. Kowace safiya ƙarfe takwas takan zo, ta durƙusa ta gaishe shi, ta duba ma'auni, ta rubuta abin da ya nuna, ta ɗebi kwalaben ranar ta koma. Ma'aunin bai taɓa nuna abin tsoro ba. Kwana tara ana haka, yara talatin da bakwai suka sha allura, suka yi kukansu, iyaye suka goya su suka tafi da kati mai sabon tambari. Rana ta goma ƙarfen ya iso, firjin asibiti ya farfaɗo, har aka kawo sabon kason allura na wata mai kamawa.

Ranar Juma'a da yamma kwamiti ya zauna a baranda kamar yadda ya saba. Tela, mataimakin shugaba, mutum ne mai son a tashi taro kowa na murmushi. Shi ya miƙe ya ce kafin a shiga batun kwatamin baya, ya kamata a gode wa Shugaba kan firjin da ya ba da aro.

Mai Ƙanƙara ya ɗaga hannu. "Wane firji? Wannan ɗan akwatin da leburori ke buɗewa sau hamsin a wuni? Ai ban bar maganin 'ya'yan mutane ya kwana a ciki ba."

Nas tana rubutu. Alƙalaminta ya tsaya.

"Kowace yamma," ya ci gaba, "da an tashi aiki, da hannuna nake ɗaukar akwatin in kai shi babban ɗakin ƙanƙara, can ƙurya, inda ko ni ba na daɗewa. Da sassafe in mayar da shi inda Nas ta ajiye, don kada ta sha wahalar nema. Abu mai daraja, wuri mai daraja."

"Allah ya saka da alheri, Shugaba," in ji Tela.

"Kawu," Nas ta ce a hankali, "kwana nawa?"

"Duk tara. Ban tsallake ko ɗaya ba."

Mai Kati ta dubi Nas. Nas ta rufe littafinta ta ɗora hannu biyu a kai. Ba ta ɗaga murya ba, don ba a haka aka raine ta ba.

"Kawu, wannan allurar sanyi take so, amma ba ta son daskarewa. In ta daskare sau ɗaya, ta mutu. Ko ta narke ta koma kamar yadda take a ido, babu komai a cikinta."



"Sanyi ya kashe magani?" Mai Ƙanƙara ya ce. "'Yar nan, tun ba a haife ki ba nake sana'ar sanyi. Zafi ke ɓata abu. Kifi, zafi. Nama, zafi. Madara, zafi. Yau kuma za ki koya mini cewa ƙanƙara na ruɓar da abu?"

"Ba ruɓewa take yi ba, Kawu. Ƙarfinta ne ke tafiya."

Tela ya matso da kujerarsa. "To yaran fa? Za ta cutar da su?"

"Ba za ta cutar da su ba. Amma ba za ta kare su ba. Kamar mutumin da ya sa wa ƙofarsa kwaɗo ne, kwaɗon bai kama ba. Ya tafi kasuwa hankali kwance, alhali ƙofa a buɗe take. Yara talatin da bakwai, katinsu ya ce an yi musu, jikinsu bai san an yi ba. Dole a dawo da su a sake."

Garin neman gira ke nan aka rasa ido. Ba mugu ne ya yi ɓarnar ba, kuma wannan ne ya sa ta fi wuyar gyara, don mugu ana iya nuna shi da yatsa a huta.

Tela ya yi ɗan tunani, fuskarsa ta washe. "Ai abin mai sauƙi ne. A aika wa iyaye a ce an ƙaro wata allura daga sama, kowa ya kawo ɗansa. Yara su samu, Shugaba ya tsira da mutuncinsa. A bar kaza cikin gashinta."

"Da wace allurar?" in ji Nas. "Sabon kason na jariran wata mai zuwa ne, kowace kwalba da yaran da ke jiranta. Ba za a ba ni madadin wanda ya lalace ba sai na rubuta rahoto, rahoton kuma sai ya faɗi yadda aka yi. Sannan uwar da na yi wa ƙarya yau, ran da ta gano, ba ni kaɗai za ta daina yarda da ni ba. Allurar ma za ta daina yarda da ita."

"To a rubuta cewa janareta ne ya mutu, abu ya lalace. Wa zai zargi inji?"

Mai Ƙanƙara ya buga sandarsa a ƙasa. "Janaretana bai taɓa mutuwa ba! Kada wanda ya yi masa ƙazafi."

Mai Kati ta kawar da kai ta toshe baki da gefen mayafi.

Ya miƙe tsaye. "Ni dai na san abin da na yi, alheri na yi. In kina so ki tara matan unguwa ki ce musu kawunki ya lalata maganin 'ya'yansu, ga fili ga mai doki. Amma ki tuna wa ya saya miki littafin farko." Ya sauka daga baranda ya tsallaka titi, bai waiwaya ba. Batun kwatami ba a taɓa shi ba ranar.

Washegari Asabar babu masu awo, sai mutum biyu da suka zo wankin ciwo. Nas ta zauna ta rubuta rahoton. Ta ware tsohon akwatin gefe guda a firji, ta ɗaure shi da jan ƙyalle don kada hannu ya kai gare shi bisa kuskure. Mai Kati tana jera katunan yaran talatin da bakwai, ta leƙa takardar ta saman kafaɗarta, don leƙe ba baƙon abu ba ne a wurinta.

"Me nake gani haka? 'Ni ce na ajiye allurar a inda ta daskare.' Ke ce?"

"Ni na kai ta gidan ƙanƙara, Yaya."

"Ke kika kai ta ƙurya?"

Nas ta ci gaba da rubutu.

"Kin san abin da za su yi miki. Nas mai takarda ta daskarar da allura kwana tara? Sauke ki za su yi, su tura ki inda ko motar haya ba ta zuwa. Su kawo mana wata wadda ba ta san ƙofar kowa ba. Sannan ki faɗa mini wace uwa ce za ta dawo da ɗanta hannun baƙuwa bayan wannan labari."

"Shi ya riƙe ni. Ba zan rubuta sunansa a takardar laifi ba."

"Ƙanwata, wannan ma ƙarya ce. Ta dai sa kallabi ta durƙusa, amma ƙarya ce. Jiya kika hana Tela tasa."

Nas ta ninke takardar. "Sai Litinin zan aika."

Ba su rufe baki ba sai ga Mai Ƙanƙara a ƙofa. Bai zauna ba, bai amsa gaisuwa da kyau ba.

"Nuna mini," ya ce. "Kin ce ta mutu. Ni ban ga gawa ba. Gani ya kori ji."

Nas ta ɗauko kwalba biyu, ɗaya daga akwatin jan ƙyalle, ɗaya daga sabon kaso. Ta riƙe su a hannu ɗaya ta girgiza tare, har ruwan ciki ya yi fari kamar madara. Ta ajiye su a bakin taga inda haske ke shigowa.

"Ka duba, Kawu. Kada ka ɗauke ido."

Ya sunkuya, hannu a bayansa. Ba a jima ba ta akwatin jan ƙyalle ta fara rabuwa: wasu 'yan gutsattsari suka riƙa sauka ƙasa, sama ya koma garau kamar ruwan sha. Ɗayar kuwa tana nan fari fat, ba ta motsa ba.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙe. "Wa ya sani ko tun daga inda aka yo ta haka take? Kaya na zuwa da aibi. Ni ma an sha kawo mini gishiri mai ƙasa."

Wata 'yar za ta yi kuka a nan, wata ta yi tsaki. Nas ta san kawunta. Ta san bai taɓa yarda da abin da hannunsa bai taɓa ba. Ta ɗauki mai kyan, ta ɗaura mata zare a wuya, ta miƙa masa.

"Ka ga wannan lafiyarta ƙalau, da idonka. Tafi da ita. Ka ajiye ta inda ka riƙa ajiye akwatin, ka fito da ita lokacin da ka saba. Litinin ka kawo ta ka girgiza da kanka. Ba za a yi wa kowa amfani da ita ba, ta gwaji ce."

Ya karɓa, ya sa a aljihun gaba, ya fita.

"Kin yi asarar kwalba," in ji Mai Kati.

"Na sani."

Litinin tun kafin a gama sharar baranda ya iso. Wannan karon ya yi sallama, ya zauna a kujerar masu jiran awo, wadda ta yi masa ƙanƙanta har gwiwoyinsa suka kusa taɓa ƙirjinsa. Ya fito da kwalbar mai zare. Ya ce a ba shi wata sabuwa. Ya girgiza su da kansa, da ƙarfi fiye da yadda ake bukata, ya ajiye a bakin taga.

Mai zaren ta rabu. Gutsattsarin suka sauka, sama ya yi garau.

Ya sake girgizawa. Ta sake rabuwa.

Ya zauna yana kallon tafin hannunsa, hannun da sanyi ya tsattsage shekara da shekaru. "Da hannuna," ya ce. "Kwana tara. Har ina tashi da wuri don kada in makara."

Mai Kati ta ga ƙofa ta buɗu, ba ta jira a ce mata shigo ba. Ta zaro ninkakkiyar takardar daga ƙarƙashin littafin Nas.

"Baba, tunda kana nan, kuma kai ne shugaban kwamiti, bari in karanta maka abin da za a aika yau. Ka san idona ya fi naka."

"Yaya, ajiye!"

"Ba ki ce kada in karanta ba, cewa kika yi sai Litinin. Yau Litinin." Ta karanta da murya irin ta mai kiran suna a layi, tun daga kwanan wata har zuwa inda aka ce, "Ni ce na ajiye allurar a inda ta daskare, kuma babu hannun kowa a ciki."

Mai Ƙanƙara ya juya ya dubi 'yar ƙanwarsa. "Me za su yi miki kan wannan?"

"Abin da suka ga dama, Kawu."

"Sauke ta za su yi," in ji Mai Kati. "Su cilla ta can bayan duniya."

"Wato na sa ki makaranta ne don ki koyi ɗaukar kayan da ba naki ba?" Muryarsa ta dawo da kaurinta. "Ni na taɓa barin lebura ya biya ƙanƙarar da ni na fasa? Yaga wannan. Ke, mai baki, ɗauki alƙalami."

Mai Kati ta ɗauka.

"Rubuta. Ni, mai gidan ƙanƙara na tsallaken asibiti, shugaban kwamiti, ni na ɗauke allurar daga inda aka ajiye ta na kai ta inda ta daskare. An ce mini kada a taɓa, na taɓa. Na ɗauka na fi mai ita sani. Rubuta haka, kada ki gyara mini magana."

"Na rubuta, Baba. Har da 'na fi mai ita sani'?"

"Har da shi."

Nas ta miƙa hannu ta karɓi takardar. "To a bar mini wuri a ƙasa. Nawa kason yana nan."

"Ba ki da kaso."

"Ina da shi, Kawu. Na fitar da allura daga asibiti ban sanar da na sama da ni ba. Kuma na ce maka kada a taɓa, ban gaya maka dalili ba. Da na ce maka daskarewa na kashe ta, da ko ƙuda ba zai sauka a kan akwatin ba. Kunyarka na ji, na ga kamar raini ne in tsaya ina yi maka bayanin sanyi. Na ba ka amana ban ba ka sani ba."

Laifi tudu ne, kowa ya fi ganin na wani. Amma ranar a wannan ɗaki mutum biyu suka tsaya kowa yana nuna nasa tudun. Ta rubuta layinta uku ta sa hannu. Shi ma ya sa nasa a hankali, harafi bayan harafi, kamar mai ɗora bulo.

Amsa ta zo ranar Laraba tare da motar da ta kawo madadin allurar. An rubuta wa Nas takardar gargaɗi mai zafi kan fitar da kaya ba izini, an ce za ta zauna a fayil ɗinta. Ba a sauke ta ba. Ta karanta sau biyu ta sa a aljihun tebur, ta ce wa Mai Kati a fara aika wa iyaye, taro ranar Alhamis da safe.

"Wa zai gaya musu?" Tela ya tambaya. "Ni dai murata ta tashi."

"Wanda ya ɓata," in ji Mai Ƙanƙara.

Alhamis baranda ta cika har bakin titi. Mata da goyo, wasu da na hannu, 'yan maza kaɗan a tsaye a baya. Mai Ƙanƙara ya tsaya kusa da sikeli, ya cire hularsa ya riƙe, abin da ba wanda ya taɓa gani. Ya faɗi abin da ya faru tiryan-tiryan, bai ƙara ba, bai rage ba. Ya ce allurar ba ta cutar da kowa ba, amma ba ta yi aiki ba, kuma laifinsa ne.

Sai wata mai kitso daga benci na biyu ta ce, "Baba, wato kifi ka ɗauki maganin 'ya'yanmu?"

Dariya ta ɓarke. Shi bai yi ba. "Kifi na ɗauke shi, 'yata. Abin da na sani ke nan."

Wata kuma ba dariya ta zo yi ba. Ta miƙe da jaririnta a kafaɗa. "Kwana biyu yaron nan yana zazzaɓi bayan allurar. Ban runtsa ba. Na bar sana'ata na zo na bi layi tun safe. Yanzu a ce duk a banza? A sake huda shi?"

"A banza ne, kuma ni na jawo. Ba ni da abin da zan mayar miki da barcinki. Ki yi haƙuri."

"Haƙuri ba ya sauke zazzaɓi."

"Gaskiya ne," ya ce, ya tsaya a haka, bai kare kansa ba. Babba juji ne, an sani, amma ba kowane babba ke tsayawa a zuba ba.

Nas ta amsa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ta ce maimaitawar ba ta da illa. Ta buɗe firji ta nuna musu ma'auni da sabon akwati. Mai kitso ce ta fara miƙa katinta, tana cewa gara a yi a gama tana da kai uku na jira. Uwar mai zazzaɓin ta tsaya har kusan ƙarshe, sannan ta shiga layi ba ta kalli kowa ba.

Ranar aka yi wa ashirin da tara. Cikin mako guda, da aike da bin gida, suka kai talatin da shida. Kati ɗaya ya rage a teburin Mai Kati, na wata jaririya 'yar wata uku, 'yar Mai Walda na bakin kasuwa. Uban ya aiko da saƙo cewa 'yarsa ba allon gwaji ba ce, wanda ya yi kuskure sau ɗaya zai yi sau biyu.

"Ni zan je," in ji Nas.

"Ke ba ki ɓata masa ba," in ji kawunta.

Shagon Mai Walda rumfar kwano ce, cike da ƙofofi da tagogin ƙarfe a jingine. Mai Ƙanƙara ya yi sallama, ya zauna a wani benci mai ƙafa uku da dutse. Mai Walda saurayin magidanci ne, ɗan cikinsa a shekaru. Ya amsa sallamar ya sauke baƙin gilashinsa ya ci gaba da aiki. Sai da ya gama haɗa ƙyaure guda sannan ya ɗago.

"Baba, in batun allura ne, na gama magana."

"Na ji. Ni na ɓata, ba Nas ba. Ka yi haƙuri. In zagi ne, ga ni, ka yi. Amma yarinyar ba ta yi wa kowa laifi ba, kada ta biya nawa."

"Na ji," in ji Mai Walda, ya mayar da gilashi.

Washegari Mai Ƙanƙara ya dawo, lokacin da ya kamata a ce yana tsaye a kan masu lodin ƙanƙara. Ya zauna a bencin, ya maimaita maganarsa. Mai Walda ya ce tun yana yaro yake jin ana cewa Mai Ƙanƙara ba ya kuskure, to ga shi. Mai Ƙanƙara ya ce waɗanda suka faɗa ne suka yi kuskure, shi kuma ya ƙara da yarda da su. Ya zauna har rana ta take, tartsatsi na sauka kusa da takalminsa, sannan ya tafi. Masu shagunan kusa suna leƙe suna ƙus-ƙus. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, amma gwiwa tana ji.

Rana ta uku ya zo da hantsi. Ya zauna, ya gyara dutsen da ke tokare da bencin, ya fara daga farko. Ya ce shi ya ɓata. Ya ce a yi haƙuri. Ya ce tarin da allurar ke karewa ba ya tambayar wa ya yi laifi kafin ya kama yaro. Mai Walda ya kashe injinsa ya saurara har ƙarshe, yana goge hannu da tsumma.

"Baba, suna can asibiti tun ƙarfe takwas. Ita da uwarta. Ni na tare musu mota."

Mai Ƙanƙara ya dube shi. "Tun takwas?"

"Tun takwas. Yanzu ma ina jin sun kusa dawowa."

"To me ya sa ka bar ni ina ta zuba?"

Mai Walda ya sosa ƙeya. "Tun ina ɗan ƙarami ban taɓa jin ka ba wani haƙuri ba. Na ce bari in ji sau uku, don in an tambaye ni in iya rantsuwa."

Mai Ƙanƙara ya dogara sandarsa ya miƙe, ƙugunsa na ƙara. Ya tsaya gaban ƙyauren da ke jingine, ya bi haɗin ƙarfen da yatsa daga sama har ƙasa.

"Wannan haɗin naka a karkace yake," ya ce. "Sake shi kafin mai shi ya zo."

Ya fita ya nufi asibiti, don ya ga an buga wa katin tambari da idonsa.